Rabi a Majidaɗi, Rabi a Sintali

Baba Tobias direba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan motar ma'aikatar gandun daji kafin ya ajiye aiki. Bai wuce aji huɗu a firamare ba, karatunsa na gaske a cikin mota ya yi shi, domin aikin direban gwamnati rabinsa jira ne. Ka kai manya taro su shige ofis, kai kuma ka nemi inuwa har la'asar. Sauran direbobi su buga dara ko su rufe fuska da hula su yi barci, shi kuwa sai ya ɗauko duk takardar da oga ya bari a kujerar baya, ya bi ta da yatsa, kalma bayan kalma. Da haka Turanci ya zauna masa. Da haka kuma son littafi ya kama shi, kamun da matarsa Lami ke cewa ta gaji da nema masa magani.

A unguwar Majidaɗi suke zaune. Duk ranar Asabar, in ya sha kunu ya kurkure baki, sai ya rataya jakarsa ta buhu ya nufi bakin kasuwa, wurin Ukasha mai gwanjon littattafai. Ukasha ba shi da shago. Tamfol yake shimfiɗawa a gindin wata katanga, ya zazzage kwalaye, ya danne na sama da duwatsu saboda iska. Yawancin kayan na 'yan makaranta ne, lissafi da kimiyya da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, kuma su ne abincinsa. Baba Tobias ko kallonsu ba ya yi. Can ƙarshen tamfol akwai wani tuli na waɗanda bangonsu ya ɓalle ko gara ta ɗanɗana, kowanne ɗari biyu. Nan yake durƙusawa, gwiwa tana ƙara yana yi mata tsaki.

Yakan ce komai na duniya ya tashi sai tsohon littafi. Mutum ya ɓata shekaru yana rubutu, wataƙila har matarsa ta yi yaji a kan haka, kai kuma ka zo ka ɗauke wahalarsa duka a kuɗin ƙwai guda. Wannan in ba rahamar Ubangiji ba mece ce? A tulin nan ya samo littafin gyaran famfon burtsatse, wanda ya sa ya zama injiniyan unguwa ba tare da ya nema ba. A nan ya samo na kiwon zuma, ya karance shi tas, bai kuwa taɓa kusantar amya ba. Akwai wani ƙamus da ya fara daga tsakiyar harafin C, shi ma ya saya, ya ce ai kalmomin da suka rage sun ishe shi har ya mutu. Wani lokaci abin da ke cikin littafin ya fi littafin daɗi: katin biki na mutanen da bai sani ba, ko busasshen fure, ko wasiƙar wani ɗalibi yana roƙon babarsa ta aiko masa da ƙuli-ƙuli da yaji. Yakan daɗe yana tunanin ko an aika ƙuli-ƙulin.

Abu ɗaya ne ke rage masa jin daɗin Asabar, shi ne Malam Hambali tela. Dogo ne siriri, ba ya rabuwa da tef a wuya, iyayensa daga Katsina suka zo suka zauna a unguwar Sintali tun garin bai kai haka ba. Shi ma tulin ɗari biyu yake zuwa wa, ga shi da saurin hannu irin na mai zare allura. Sau nawa Baba Tobias zai hango wani littafi, kafin ya miƙa hannu har ya shige hammatar tela. Gaisuwarsu ba ta wuce "Ina kwana, Direba" da "Lafiya, Tela". Ba su taɓa faɗa ba, amma kowa ya san lokacin da ɗan'uwansa ke isowa, kowa kuma yana ƙoƙarin ya riga.

Wata shekara, farkon damina, aka rufe wata tsohuwar makarantar horon malamai a wajen gari, aka kwashe ɗakin karatunta. Ukasha ya saye kayan mota guda. Bai gaya wa kowa ba, amma ranar Asabar kafin ya gama kwance igiya ya ɗaga kai ya ga tsofaffin nan biyu a tsaye, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kamar masu jiran rabon taki.

A kwali na uku abin ya faru. Littattafai biyu ne manya masu koren bango, an ɗaure su da zare, zaren ya ruɓe. Baba Tobias ya kama na ƙasa, Malam Hambali ya kama na sama, kowa ya ja nasa. Baba Tobias ya buɗe nasa. Zanen itatuwa ne masu launi, shafi bayan shafi, ga ganye, ga fure, ga 'ya'ya, ga ɓawo, kamar ka taɓa. Ya ga ɗorawa, ya ga maɗaci, ya ga waɗansu da ya sha ajiye mota a gindinsu a dazukan Gashaka bai san sunansu ba. Sai dai a ƙarƙashin kowane zane babu komai sai lamba da wani dogon suna mai karya harshe. Ya leƙa na hannun tela. Nan bayanin yake, lamba bayan lamba, da sunan kowace bishiya da Hausa da Fulatanci da amfaninta, amma babu zane ko ɗaya.

"Tela," in ji Baba Tobias, "abin nan guda ne aka raba biyu. Sayar mini da naka, zan ninka maka."

"Ni ma abin da ke bakina ke nan," in ji Malam Hambali. "Kai hoto kawai ka samu, kamar yaro. Ilimin yana nan."

"Ilimin da ba ka ga fuskarsa ba?"

"Ni ɗan masassaƙi ne. Na san fuskarsu tun kafin ka koyi riƙe sitiyari."

Ukasha ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Baba, ku yi ƙuri'a mana, ko ku haɗa ku riƙa karɓa-karɓa." Babu wanda ya kula shi. Kowa ya biya nasa, dubu ɗaya ɗaya, ya sa a jaka ya kama hanyarsa.

Shekara uku ana haka. Baba Tobias ya yi wa nasa riga da takardar siminti, ya sa a leda, ya ɗora a kan akwatin da ya jera wa gwangwanaye da toka a ƙafafu saboda gara. In ya ci abincin rana sai ya buɗe ya yi ta kallo. Lamba ta tamanin da bakwai ta fi damunsa, wata bishiya mai jan fure da ya tabbata ya san ta, sunan ya ƙi zuwa. Ya san amsar tana Sintali, tafiyar da ba ta kai ta minti ashirin a Keke mai ƙafa uku ba, amma girman kai ya fi kogi wuyar ƙetarewa. Wani lokaci a gaban tamfol tela zai ce, ba tare da ya dube shi ba, "Har yanzu ana kallon hoto?" Shi kuma ya ce, "Har yanzu ana karatun duhu?" Iyakarta ke nan.

Sai wata Asabar tela bai zo ba. Baba Tobias ya tona tuli shi kaɗai, a tsanake, ya samu littattafai huɗu masu kyau, ya koma gida yana fito. Asabar ta biyu ma haka. A ta huɗu ya lura yana yawan ɗaga kai yana duban hanyar Sintali, kuma abin da ya saya bai yi masa armashi ba. Ashe rabin daɗin samu shi ne a ce ka riga wani.

A ta shida ya iso ya tarar da sababbin kaya a tulin. Ya ɗauki na farko, ya ga an ɗinke bayansa da baƙin zare, ɗinki ƙanana a jere kamar na bakin aljihu. Ya ɗauki na biyu, haka. Ya buɗe bangon ciki, ga suna da jan biro: Hambali Tela, Sintali. Ya zauna a kan dutsen da ake danne littattafai.

"Ukasha, mutumin nan rasuwa ya yi?"

"A'a, Baba, yana nan da ransa. Ido ne. Yanar ido ce ta rufe masa duka biyun, ko zare ba ya iya sawa a allura. 'Yarsa Bilkisu ce ta kawo kayan, ta ce shi ya ce a kawo. Wai littafin da ba a buɗewa abincin gara ne, gara ya tafi inda za a karanta shi."

Ukasha ya sunkuya ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin bencinsa. "Wannan kuma ya ce kada in shimfiɗa shi. Ya ce in ajiye wa Direba, in ba shi a kuɗin tuli. Wani malamin kwaleji ya gani ya taya dubu biyar, na ce an riga shi."

Koren littafin ne. Baba Tobias ya karɓa da hannu biyu. Abin da ya yi shekara uku yana mafarki ga shi a cinyarsa a ɗari biyu, ciniki mafi araha da ya taɓa yi a rayuwarsa, amma ya kasa buɗewa. Ya biya, ya tambayi kwatancen gidan, ya tare Keke. Sai da suka yi nisa ya ce wa mai Keken ya fara biyawa da shi Majidaɗi. Ya shiga gida ya ɗauko nasa rabin. Lami tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, "Baban Murna, lafiya kake shiga da fita kamar an biyo ka?" Ya ce, "Dubiya zan je." Ta dube shi, ta dubi littattafan, ta tashi ta zaɓo doya biyu manya daga cikin waɗanda aka kawo daga gona ta sa masa a buhu. Ta ce ba a zuwa dubiya da takarda zalla.

Ya sami Malam Hambali a zaure, zaune a kan tabarma kusa da keken ɗinkin da aka lulluɓe da zane. Idanunsa a buɗe, amma baƙin ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Tef ɗin yana wuyansa har yanzu.

Baba Tobias ya yi sallama. Tela ya karkata kai.

"Wannan muryar ta tulin ɗari biyu ce. Direba?"

"Ni ne."

"Ukasha ya ba ka saƙo?"

"Ya ba ni. Na zo in ce na gode. Useko, Malam, in ji Fulani." Ya zauna a bakin tabarma. Can ya ce, "Na zo da nawa ma."

Malam Hambali ya yi murmushi. "Ka kawo wa makaho hoto. Lallai direba."

"To ai ni ina da ido, kai kana da sani. Lamba tamanin da bakwai, shekara uku tana hana ni sakat."

"Buɗe ka karanta mana."

Ya buɗe ya karanta a hankali, yana bi da yatsa, yana tuntuɓe a kan manyan kalmomi. Bai kai ga sunan ba tela ya ɗaga hannu. "Gurjiya ce. Jan fure, tana zubar da ganye kafin ta yi shi. Itacenta ba ƙarfi, babana ba ya sassaƙa turmi da ita, sai dai abin da ba ya son nauyi." Baba Tobias ya duba ƙasan shafin, ga shi nan an rubuta gurjiya. Ya buga cinya ya ce, "Wallahi mun sha miyarta a ƙauye!" Tela ya fashe da dariya. Bilkisu da ta kawo ruwa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsu. Daga baya ta gaya masa cewa rabon babanta da dariya tun kafin azumi.

Tun daga ranar, Asabar ɗin Baba Tobias ta zama kashi biyu. Da safe ya je ya tona tuli, yanzu yana tona wa mutum biyu, domin ya gane tela na son labarin tafiye-tafiye da tarihin garuruwa. Daga nan ya wuce Sintali. Su ɗauki bishiya uku ko huɗu, shi ya karanta ya kwatanta zanen, tela ya ƙara abin da littafin bai sani ba: ƙirya ce ke yin taɓaryar da za a gada, maɗaci yana da ɗaci har a hayaƙinsa, kanya ba ta son a sare ta da damina. In aka kira azahar tela ya lallaba ya yi alwala, Baba Tobias ya zauna yana gadin shafi har ya idar. Wata rana suka zo kan madobiya. Baba Tobias ya ba shi labarin shekarun da aka yi ana lodinta a manyan motoci ana fita da ita, yara suna kiranta da wani sabon suna, har dazukan da ya sani suka koma kamar kan da aka yi wa aski da kwalba. Ya ce da idonsa ya gani, yana riƙe da sitiyari, ba shi da bakin magana. Tela ya ce, "Babana in zai sare ɗaya sai ya kewaya ta sau uku yana neman dalilin barinta."

Murna, babbar 'yar Baba Tobias, ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta zo da labarin cewa waɗansu likitocin ido za su zo gari na mako guda, suna cire yanar ido kyauta. Bilkisu ta yi murna, amma tela ya ce sam. Ya ce shi ya san abin da almakashi ke yi wa yadi, ba zai kai idonsa ba.

"Malam," in ji Baba Tobias, "ni na hau dutsen Mambila da mota a tsakiyar damina, birki yana wasa, hazo ya rufe hanya, oga yana salati a baya ni ina kiran Yesu a gaba. Ga ni nan zaune. Kai minti ashirin za ka kwanta."

"In suka ƙarasa kashe shi fa?"

"Me yake gani yanzu da za ka yi asara?"

Tela ya shafa tef ɗin wuyansa. Can ya ce, "Bakinka ba birki, Direba." Amma ya yarda.

Baba Tobias ne ya je ya kama musu layi tun da sassafe, ya zauna da Bilkisu a benci har aka fito da shi da auduga a ido ɗaya. Na dama aka yi. Na hagu likita ya ce akwai wata matsalar a bayan yanar, ba zai yi alkawari ba. Kashegari da aka cire audugar, tela ya daɗe yana ƙifta ido, ya dubi 'yarsa, ya dubi hannuwansa, sannan ya juyo ga Baba Tobias.

"Ashe ka tsufa haka?"

"Da ma can haka nake, ba ka taɓa dubana ba ne. Littafin hannuna kake duba."

Da idon ya warke aka ba shi tabarau, sai da ya yi kwana uku da littafin zanen. Ya yaba wa mai zanen, amma ya ce ganyen kanya bai yi ba, wanda ya zana bai taɓa hawanta ba. Allura dai ba ta koma hannunsa sosai ba, sai yankan yadi da ɗinkin da ba ya son ƙurewa, amma ya ce wanda aka mayar wa rabin dukiyarsa ba ya tsayawa ƙorafin sauran.

Bayan an sha masarar farko, Baba Tobias ya gayyace shi gonarsa ta wajen Iware. Suka shiga motar haya da littattafan biyu a jaka ɗaya. A gefen kunyoyin doya, kusa da wani rafi, akwai wata bishiya mai santsin jiki da ƙananan 'ya'ya baƙaƙe, wadda Baba Tobias ya tarar a gonar tun da ya saye ta. Suka zauna a gindinta suka bi zane ɗaya bayan ɗaya. Tela ya murza ganyen ya shinshina, ya ɓantari ɓawon ya ɗanɗana ya tofar. Babu ita a littafi, babu ita a kan ɗan masassaƙi.

Suna cikin gardama wani dattijon Bafillace ya biyo da shanunsa zai shayar. Ya tsaya ya jingina da sanda yana kallon tsofaffi biyu da manyan littattafai a gindin itace. Da suka gaisa suka tambaye shi, ya faɗi sunanta da Fulatanci ba tare da ya ko ɗaga kai ba, ya ce suna jiƙa ɓawonta su ba maraƙi in cikinsa ya ɓaci. Tela ya sa ya maimaita sau uku. Ya ciro jan bironsa, ya kusantar da fuska ga shafin ƙarshe inda babu rubutu, ya rubuta sunan da amfanin da kwanan wata. Ya miƙa wa Baba Tobias biron ya ce ya zana ganyen a nasa.

Zanen bai yi kyau ba. Bafillacen ya leƙa ya ce ya fi kama da kunnen akuya. Suka yi ta dariya su uku har shanun suka gama sha. Kafin su tashi Baba Tobias ya karyo masara shida ya hura wuta a bakin rafin, suka gasa, suka ci da zafinta, dattijon ya zuba musu kindirmo a ƙwarya suka kora. Da hadari ya fara haɗowa ta gabas suka naɗe littattafan a leda, suka yi sallama da shi, suka fita bakin titi neman mota.